Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Hanyoyi na Ghana: a duba ginshiƙan gadojin Akra tun ƙasa tana kwance

Mai girma Minista,

Wannan wasiƙa roƙo guda take ɗauke da shi. Ginshiƙan kankare da gadojin Akra ke tsaye a kansu, da bangayen da ke tare ƙasa a bakin waɗannan gadoji, a bi su ɗaya bayan ɗaya a duba, duk wanda aka samu da rauni a ƙarfafa shi kafin girgizar ƙasa ta gwada shi.

Mai girma Minista ba ya bukatar a tuna masa cewa Akra ta san girgizar ƙasa. A 1862 ta farfasa katafaren ginin Turawa na Osu da sauran manyan gine-ginen bakin teku. Ranar 22 ga Yunin 1939, bayan magariba, wata mai ƙarfin maki 6.5 ta kashe mutum 17, ta jikkata 133, har a Legas sai da aka ji motsinta. Gidajen da gwamnatin mulkin mallaka ta gina wa waɗanda suka rasa matsuguni su ne suka raya unguwanni irin su Korle Gonno da Mamprobi da Kaneshie. Wanda ya ji mutum 17 zai ce abin ya zo da sauƙi. Sai dai Akra ta wancan zamani ba ta kai mutum 100,000 ba, yawancin gidajenta na ƙasa ne, kuma babu gadar sama ko ɗaya a cikinta. Ƙidayar 2021 ta nuna yankin Akra da kewaye ya haura mutum miliyan 5, da yawansu kuma kullum sai sun bi ta kan gada ko ta ƙarƙashinta kafin su samo na cefane.

Tsagogin da suka haddasa wancan bala'i suna nan inda suke. Ɗaya ta biyo duwatsun Akwapim daga arewa maso gabas, ɗayar tana kwance a gefen teku, kuma masana duwatsu sun daɗe suna nuna yammacin birnin, wajen Weija da tudun McCarthy, a matsayin inda motsin ya fi yawa. Mutanen Gbawe da Mallam da Kasoa sun ji ƙasa ta motsa a 1997, sun ji a Maris da Disambar 2018, sun fito waje da kayan barci a daren 24 ga Yunin 2020, sun sake ji da rana tsaka ranar 12 ga Disambar 2022. Ta 2020 ba ta wuce kimanin maki 4 ba. Tsakanin maki 4 da 6.5 a baki kamar tazara kaɗan ce, amma ƙarfin da ƙasa ke saki ya ninka fiye da sau 5,000. Wanda kuma yake ganin Afirka ta Yamma ta tsira daga irin wannan, ya tambayi mutanen arewa maso yammacin Gini, inda girgizar Disambar 1983 ta kashe ɗaruruwa.

Ginshiƙin gada an yi shi ne don ya ɗauki nauyi daga sama, kuma kankare gwani ne a wannan aiki. Girgiza kuwa ta gefe take zuwa. Tana fizgar tushe hagu da dama yayin da dubban tan na titi ke zaune a kai, sai ginshiƙin ya riƙa lanƙwasa. A nan ne abin da ke ɓoye a cikinsa yake bayyana. Akwai rodin tsaye, akwai kuma zobban rodi da masu ɗaurin rodi ke zagaye shi da su. Duk wanda ya taɓa ɗaure damin kara ya san kara ba ya riƙe kansa, igiya ce ke riƙe shi. Idan ɗaurin ya yi nisa da juna, ana danna damin sai ya buɗe ciki. Haka ginshiƙi yake yi idan zobbansa sirara ne kuma a warwatse: fatar kankaren ta zube, rodin tsaye ya turo waje, cikin ya ruɓushe ya zama tsakuwa, ko kuma tsaga ta ratsa shi a karkace ya yanke nan take.

Kafin 1971, al'adar injiniyoyin Kalifoniya ita ce su sa zobe mai kaurin milimita 13 a kowane santimita 30, ko ginshiƙin siriri ne ko ƙato. Rodin da ya fito daga tushe kuma a gindin ginshiƙin ake haɗa shi da na sama, daidai inda lanƙwasa ta fi tsanani. Ba ha'inci suka yi ba, iyakar sanin zamanin ke nan, kuma haka ake gini a ƙasashe da dama. Girgizar San Fernando ta 9 ga Fabrairun 1971 ce ta kayar da gadojin sama a arewacin Los Anjalis ta tona asirin wannan tsari.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi dacewa Mai girma Minista ya tsaya a kansa. Hukumar sufuri ta jihar, Caltrans, ta fara gyara, amma ta fara da mai arha: ta ɗaure sassan titin gada da igiyoyin ƙarfe don kada su zame daga mazauninsu. Ginshiƙai aka bar su sai an samu kuɗi. Gadar Cypress da ke Oakland, mai hawa biyu, wadda aka buɗe a 1957, ta samu nata igiyoyin a 1977. Ranar 17 ga Oktoban 1989, ƙarfe 5:04 na yamma, girgizar Loma Prieta mai maki 6.9 ta zo. Ginshiƙan hawan sama suka karye, kusan kilomita biyu na titi ya zauna a kan motocin da ke hawan ƙasa. Cikin mutum 63 da suka mutu a girgizar gaba ɗaya, 42 a wannan gada suka mutu. Ɓangaren da ya faɗi kuwa shi ne wanda ke kan laka mai taushi. Wanda ke kan ƙasa mai ƙwari ya tsaya. Sake gina hanyar ya ci fiye da dala biliyan 1 da shekaru kusan tara.

Daga nan ne aka daina jan ƙafa. A Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego, Nigel Priestley da Frieder Seible da abokan aikinsu suka riƙa gina ginshiƙai irin na da a ɗakin gwaji, suna tura su da injin har su karye, sannan su gina wasu su sa musu rigar ƙarfe su sake turawa. Masu riga suka lanƙwasa ninki-ninki ba tare da sun saki nauyinsu ba. Gwajin gaske ya zo ranar 17 ga Janairun 1994, a girgizar Northridge mai maki 6.7. Gadoji da dama sun faɗi a Los Anjalis, ciki har da wani sashe na babbar hanyar Santa Monica da ke cikin jerin masu jiran gyara. Ginshiƙan da aka riga aka sa wa rigar ƙarfe kuwa sun tsaya.

A lokacin an ji wasu masana a Japan suna cewa irin haka ba zai sami gadojinsu ba. Shekara guda cif bayan haka, ranar 17 ga Janairun 1995, ƙarfe 5:46 na asuba, Kobe ta girgiza, mutum fiye da 6,400 suka rasa rayukansu. Hoton da duniya ba ta manta ba shi ne na gadar Hanshin a Fukae: mita 635 na titin sama kwance a gefensa, ginshiƙai masu faɗin kusan mita uku sun karye kusa da gindi. Da aka bincika sai aka ga an yanke kashi ɗaya cikin uku na rodin tsaye a kimanin mita biyu da rabi sama da tushe, domin lissafin shekarun 1960 ya ce ba a bukatarsa a sama. Daidai wurin da rodin ya ragu, nan tsagar ta fara. Hanyar ba ta sake buɗewa gaba ɗaya ba sai ƙarshen Satumbar 1996. Gadojin jirgin ƙasa mai gudun tsiya, Shinkansen, su ma sun rufta a wurare da dama. Abin da ya kare fasinjoji shi ne jirgin farko bai tashi ba tukuna.

Japan ta ɗauki darasin da gaske. Ta bi dubban ginshiƙai tana naɗe su, kuma da babbar girgizar 11 ga Maris 2011 ta zo, ginshiƙan layin Shinkansen na Tohoku da aka ƙarfafa ba su rufta ba. Cikin kwana 49 jirgin ya dawo aiki daga wannan kai zuwa wancan.

Aikin ƙarfafa ginshiƙi kansa ba wani siddabaru ba ne, kuma ya kamata a faɗi haka don kada wani ya sayar wa ma'aikatar da shi a matsayin abin da sai baƙi za su iya. Ana kawo farantin ƙarfe mai kaurin kimanin santimita ɗaya, an lanƙwasa shi gida biyu. A tono gindin ginshiƙin har saman tushe, a ɗaga rabi biyun da ƙugiya a rungume shi da su, mai walda ya ɗinke tsagar daga ƙasa zuwa sama. Ɗan ratar da ke tsakanin ƙarfe da tsohon kankare a ɗura masa ruwan siminti daga ƙasa, yana hawa yana korar iska. Idan ginshiƙin mai kusurwa huɗu ne, rigar akan yi ta da siffar ƙwai, domin miƙaƙƙen faranti ba ya matsewa. A sama da ƙasa kuma akan bar rata ta kimanin santimita biyar, kada rigar ta tokari tushe ko kan gadar ta mayar da karayar can. Duk wannan ana yinsa motoci suna wucewa a sama. Inda ruwa ko iskar teku za su ci ƙarfe, ana iya zagaye ginshiƙin da sabon rodi a zuba masa ƙarin kankare. Inda wuri ya yi ƙunci, ana naɗe shi da ƙyallen zaren kabon da aka jiƙa da gam mai ƙarfi, wanda leburori biyu za su ɗauka a hannu. Masu walda da masu ɗaurin rodi da ke Tema da Suame za su iya wannan idan injiniya ya tsaya a kansu, ana kuma gwada kowane ɗinki.

Sai dai ginshiƙi ba shi kaɗai yake ba. In an ƙarfafa shi, ƙarfin girgizar zai nemi wuri mafi rauni na gaba, wanda sau da yawa tushe ne, don haka wani lokaci sai an faɗaɗa tushen an ƙara masa turaku. Mazaunin da titin gada ke kwanciya a kai, idan gajere ne, sai an tsawaita shi. A Niigata ta Japan, a 1964, gadar Showa ba ta daɗe da buɗewa ba lokacin da girgiza ta sa yashin gindin kogi ya zama kamar ruwa, ginshiƙai suka gusa, sassan titin suka zame suka faɗa kogi. Akra tana da irin wannan ƙasa a bakin tafkin Korle, da gefen kogin Odaw, da fadamar kogin Densu, da Sakumono.

Bangaye su ne aka fi mantawa da su, don ba su da kwarjinin gadar sama. Amma gada ba ta da amfani idan bangon da ke riƙe da tudun hawanta ya kife, ko ƙasar bayansa ta zauna ta bar matakala mai tsayin gwiwa da motar asibiti ba za ta iya hawa ba. A Kobe tsofaffin bangayen da nauyinsu kaɗai suka dogara da shi sun karkace, wasu sun faɗi, yayin da bangon da aka ƙarfafa ƙasar bayansa da ragar roba a Tanata ya gusa kaɗan ya tsaya. Tsohon bango ana iya huda shi a dasa masa rodi da gam a ƙara masa kauri, ana iya ɗaure shi da dogayen sandunan ƙarfe da aka kafa can cikin ƙasa mai ƙwari. Mafi arha duka shi ne buɗe ƙananan ramukan fitar ruwa da leda da laka suka toshe. Bangon da ruwan damina ya taru a bayansa ya riga ya ɗauki rabin kayan da za su kayar da shi.

Ba a cewa gadojin Akra duk a kan siraɗi suke. Ta Mallam da aka buɗe a 2012, da ta Kwame Nkrumah a 2016, da ta Pokuase mai hawa huɗu a 2021, an gina su ne bayan darasin Kobe ya shiga littattafan injiniyoyi. Abin da ake nema a kansu kaɗan ne: a fito da zanen, a ga wane ƙarfin girgiza aka yi lissafi da shi, a kai na'urar da ke hango rodi a cikin kankare a tabbatar abin da aka zana shi aka ɗaure. Ta Mallam ta cancanci a fara da ita, don tana ƙofar Weija. Waɗanda suka fi bukatar ido su ne tsofaffi. Babbar hanyar Akra zuwa Tema a 1965 aka buɗe ta, shekara shida kafin San Fernando, kuma duk wani tsohon ginshiƙi ko bango da aikin faɗaɗa ta zai bari a tsaye ya kamata a yi masa hisabi yanzu, tun injuna suna wurin. Gadar Sogakope da ke kan kogin Volta ita ma 'yar shekarun 1960 ce. Ga gadojin masu tafiya a ƙasa, waɗanda ba su da nauyi amma ɗaya ta isa ta toshe babban titi idan ta kwanta a kai. Dokar gini ta ƙasa da aka ƙaddamar a 2018 ta yi maganar girgizar ƙasa, kuma abin a yaba ne, amma doka sabuwa ba ta ƙara zobe ko ɗaya a cikin ginshiƙin da aka zuba shekara sittin da suka wuce.

Akra tana da wata matsala kuma da ke aiki ko ƙasa ba ta motsa ba. Iskar teku tana ɗauke da gishiri, kuma zobban rodi su ne mafi kusa da fatar kankare, don haka su tsatsa ke fara ci. Wanda ya tsaya a ƙarƙashin gada a tsakiyar birni, inda yaran motocin haya na trotro ke kiran fasinja, mai shayi ya kafa tebur, kayaye masu dako ke hutawa a inuwa, zai ga ginshiƙan sun sha fastocin 'yan siyasa da na wa'azi, wani kan wani. Mai duba gada sai ya ɓare waɗannan takardu kafin ya ga ko akwai jan zane na tsatsa da ke gangarowa, sai ya ƙwanƙwasa da guduma ya ji ko kankaren yana amsawa da ƙarfi ko yana ƙarar kwalfa. Sharar da ake ƙonawa a gindin ginshiƙi, da tirelar da ta goga shi, duk suna rage masa ƙarfi. Mutanen da ke neman abinci a wannan inuwa, da yawansu 'yan Nima da Sabon Zango da Madina ne, kuma su ne abin zai fara faɗa wa.

Mai girma Minista zai ce kuɗi, kuma yana da gaskiya. Ƙasar da ta shiga shirin Asusun Lamuni na Duniya a 2023, wadda 'yan kwangila ke bin ta bashi, kuma kowane ɗan majalisa ke neman kwalta a mazaɓarsa, ba za ta yi abin da Kalifoniya ta yi ba, inda masu zaɓe suka amince da rancen dala biliyan 2 a 1996 kuma aka gyara gadoji fiye da 2,000. Rigar ƙarfe kuma ba ta da bikin yanka zare; ba wanda zai ga bambanci a titi washegari. Amma Akra ba ta da gadoji 2,000, kuma ba a ce a gyara duka a shekara guda ba. Abin da ake bukata shi ne a zauna da taswira a yi tambaya: idan ƙasa ta girgiza gobe da asuba, ta wace hanya za a kai masu rauni asibitin Korle Bu, wanda ke hayin tafkin Korle? Ta ina motocin kashe gobara za su bi? Wace gada ce idan ta faɗi za ta raba filin jirgin saman Akra da asibitin sojoji na 37, ko ta raba tashar ruwan Tema da sauran ƙasar, ko ta hana a isa madatsar Weija da yammacin birni ke shan ruwanta? Gadojin da ke kan waɗannan hanyoyi su ne sahun farko, sauran su bi baya.

Ghana ta riga ta ɗanɗana rashin gada guda. Da aka rufe gadar Adomi daga Maris 2014 zuwa Disambar 2015 don gyara, an shirya, an sanar, an kawo jiragen fito a Senchi, amma duk da haka direbobi sun sha layi. Wannan rufewa ce da aka tsara. Wadda girgiza za ta kawo babu sanarwa, kuma ba mutanen Akra kaɗai za ta shafa ba. Manyan motocin albasa da ke tasowa daga Nijar zuwa Adjen Kotoku, da na shanu masu sauka a Tulaku, da kwantenonin da 'yan kasuwar Nijar da Burkina Faso da Mali ke ɗauka a Tema, duk a kan waɗannan ginshiƙai suke wucewa.

Masu sani ma ba sai an je nesa ba. Hukumar binciken duwatsu ta ƙasa tana da tarihin motsin ƙasa da na'urorin aunawa. Jami'ar Kwame Nkrumah ta Kumasi da cibiyar binciken gini da hanyoyi da ke Fumesua suna da injiniyoyi da ɗakunan gwaji. Japan, wadda ta ɗauki nauyin gadar mahaɗar Tema, babu ƙasar da ta kai ta ƙwarewa a wannan fanni, kuma roƙon ta horar da masu duba gada ya fi sauƙin amsawa bisa roƙon sabuwar gada. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta aka ce ka shafa wa naka ruwa, kuma Maroko ta binne kusan mutum 3,000 bayan girgizar 8 ga Satumbar 2023, a yankin da ya daɗe bai ga irinta ba.

Don haka mai wannan wasiƙa yana roƙon Mai girma Minista ya kafa tawaga ta injiniyoyin ma'aikatarsa da na jami'a da masana duwatsu, ya ba su wa'adi su tattaro zanen kowace gada da kowane babban bango a yankin Akra, inda zanen ya ɓace su auna da na'ura su huda kankaren su gwada. Sakamakon a buga shi kowa ya gani, gada-gada da sunanta da shekararta da matsayinta, domin jerin da aka kulle a durowa yana tafiya ne tare da wanda ya rubuta shi. Kafin kasafin kuɗi na gaba ya isa majalisa kuma, a ware layi na musamman mai sunan wannan aiki, wanda ba za a karkatar da shi zuwa cike ramuka ba, a fara da gadojin da ke kan hanyar Korle Bu da wadda ke ƙetare Densu a Weija.

Wassalam.

Daga wani ɗan Zango, mazaunin Akra